Riga-kafin Cututtukan Numfashi da Ma'anar Tawakkali

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya busa masa rai, Ya kuma hore masa iskar da zai shaƙa ba da kuɗinsa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, daga cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa bawa babu wadda aka fi mantawa da ita kamar numfashi. Baligi mai lafiya yakan ja numfashi ya sauke wajen sau 20,000 tsakanin wannan asuba da waccan, yana barci ko yana farke, bai kuwa taɓa ƙidaya ko ɗaya ba. Ba ya sanin darajar abin sai ranar da ya kwana zaune da yaro a kan cinyarsa, ƙirjin yaron yana sama yana ƙasa, maƙogwaronsa yana ƙugi, uwa tana kuka a gefe, ana jiran gari ya waye a nemi mota.

Irin wannan dare ba baƙo ba ne a gidajen ƙasar Hausa. Duk shekara in hunturu ya sauka, ƙura ta cika gari, aka toshe tagogi aka cunkusu a ɗaki ɗaya saboda sanyi, sai tari da mura da ciwon huhu su yi ta zagayawa. In bazara ta kama kuma, sai ƙyanda da sanƙarau su karɓa. Da yawa daga cikin waɗannan cututtuka Allah Ya sanar da bayinSa hanyar tare su tun ba su zo ba, watau allurar riga-kafi. Amma har yanzu akwai magidanta da ke ganin yin ta rashin tawakkali ne. Akwai kuma waɗanda suka fi su yawa, waɗanda suka yarda da ita, suka fara, sa'an nan suka watsar ba su cika ba. Kashin nan biyu duka suna bukatar a tunatar da su abin da addini ya koyar.

Darasin mashaƙo

A watan Disamba na 2022 aka fara ba da rahoton ɓullar mashaƙo a Kano. Wannan ciwo wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda take zama a maƙogwaro ta riƙa fitar da dafi. Sai wata fatar mai ruwan toka ta shimfiɗu a cikin maƙoshi, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, numfashi ya riƙa sarƙewa. Dafin kuma yakan bi jini ya taɓa zuciya, har yaro ya yi kamar ya warke, sa'an nan bayan mako biyu ko uku zuciya ta gaza. Ana ɗaukarsa ta hanyar tari da atishawa da zama kusa da mai shi.

Ya zuwa farkon Oktoba na 2023, hukumomin lafiya na Nijeriya sun tabbatar da ciwon a jikin mutum fiye da 8,000, fiye da kashi 80 cikin 100 a Jihar Kano, saura a Yobe da Katsina da Borno da wasu jihohi. Kusan kashi uku cikin huɗu yara ne tsakanin shekara 1 da 14. A wannan shekarar kuma ciwon ya taɓa yankin Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Da aka bincika, sai aka tarar mafi yawan waɗanda suka kamu, ko dai ba a taɓa yi musu allurar ba, ko kuwa an fara ba a gama ba.

Abin da ya sa wannan ya zama abin kunya ga al'umma shi ne, allurar mashaƙo ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1920 aka gano ta, tana kuma cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta a asibitocin gwamnati tun ƙarshen shekarun 1970. A 1918, lokacin da annobar marisuwa ta sauka Ikko daga jirgin ruwa, ta biyo hanyar jirgin ƙasa ta iso Arewa, masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya. Mutanen wancan zamani suna da uzuri, domin babu wata allura da za su nema. Wanda ya rasa ɗansa ga mashaƙo a 2023, alhali ga ɗakin shan magani a bayan gidansa, lalle ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa hisabi.

Yadda allurar take aiki

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. Saboda haka ya kamata a fara da sanin mene ne a cikin allurar. Allah Ya halitta wa jikin ɗan Adam dakaru a cikin jininsa, masu yaƙar duk baƙuwar ƙwayar cuta da ta shigo. Dakarun nan suna da wata baiwa, ba su mance fuskar abokin gaban da suka taɓa karawa da shi. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda yana yaro ya tsira, ba ya sake yin ta. Wahalar ita ce, a karon farko sukan ɗauki kwanaki kafin su gane baƙon su shirya masa, a cikin waɗannan kwanaki kuwa ake rasa yara.

To, abin da allurar riga-kafi take yi shi ne ta nuna wa dakarun nan kamannin abokin gaba tun bai zo ba. Akan ɗauki ƙwayar cutar a raunana ta, ko a kashe ta, ko a ɗebi wani ɓangare nata, ko a kashe ƙarfin dafinta kamar yadda ake yi a ta mashaƙo, sa'an nan a sa wa jiki. Misalinta kamar a kira 'yan sintirin unguwa ne a nuna musu hoton ɓarawo. Ranar da ya hauro katanga, ba sai an tsaya tambayar ko shi wane ne ba. Ɗan zazzaɓi da kumburin wurin allura da yaro yakan yi na kwana ɗaya ko biyu, alama ce ta dakarun suna ɗaukar darasi. Ashe ke nan kariyar daga halittar Allah take fitowa, likita tunatarwa kawai ya yi wa jiki.

Musulmi kuma ba baƙi ba ne a wannan fage. Babban likitan nan Abubakar Arrazi, wanda ya rasu wajen shekara ta 925, ya rubuta littafi mai bambance agana da ƙyanda. Mutanen Istanbul sun san yi wa yara lambar agana tun a farkon ƙarni na 18, kafin likitan Ingila Edward Jenner ya fito da tasa hanyar a 1796. Da wannan hanya aka yi ta yaƙar agana har aka ba da sanarwar ƙarewarta daga doron ƙasa a 1980. Dattawan da ke da zanen agana a fuska, da waɗanda ke da tabon lamba a dantse, su ne shaidu a kowane gari. A ƙasar Hausa ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, bai ga hakan ya rage masa tawakkali ba.

Tawakkali da riƙon sababi

Babu Musulmin da ke shakkar cewa ciwo da lafiya, rayuwa da mutuwa, duk a hannun Allah suke, kuma ajali ba ya gaba ba ya baya. Tambayar ita ce, shin imani da wannan yana nufin mutum ya naɗe hannu? Sahabbai sun riga kowa fuskantar wannan tambaya, kuma amsarsu tana nan a rubuce.

Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya tashi daga Madina zuwa ƙasar Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai shugabannin runduna, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrah, suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a Sham, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Umar ya tara Muhajirai ya nemi shawararsu, suka saɓa. Ya tara Ansaru, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma da jama'a. Da ya ba da umurnin juyawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya amsa masa da cewa lalle gudu ne, amma daga wata ƙaddarar Allah zuwa wata ƙaddarar Allah. Ya kuma buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san gefen da zai zaɓa. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya ba da labarin ya ji Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Umar ya gode wa Allah ya juya.

Wannan ƙissa tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ingantattun littattafan Buhari da Muslim. Ba mai cewa ya fi Umar tawakkali. A cikin annobar nan Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal da dubban Musulmi suka yi shahada, kuma masu tarihi sun ambaci cewa da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi, sai ya umurci mutane su warwatsu cikin duwatsu, daga nan Allah Ya ɗauke ta.

Haka rayuwar Annabi, mai tsira da aminci, take tun daga farko har ƙarshe. Ranar Hijira ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, ya kuma ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanya. Ranar Uhudu ya sa sulke biyu. Da wani mutum ya tambaye shi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umurce shi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Ya kuma hori al'ummarsa da neman magani, ya sanar da su cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. A cikin Alƙur'ani mai girma ga Annabi Yusufu, wanda ya sa aka tara hatsin shekara bakwai na yalwa saboda shekara bakwai na fari da ba su riga sun zo ba. Wannan riga-kafin yunwa ne. Manomi ma da ya ce Allah ne mai ciyarwa, ba ya ƙin yin shuka in ruwa ya sauka. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓoɓi ne, Musulmi kuwa da duka biyun aka umurce shi.

Shubuhohi biyu

Wani zai ce, ai ya zo a hadisi cewa babu ɗaukar cuta daga wani zuwa wani. Gaskiya ne hadisin ya inganta. Amma shi wanda ya faɗe shi, mai tsira da aminci, shi ne kuma ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya haɗa su wurin shan ruwa da masu lafiya, shi ne kuma ya aika wa wani kuturu da ke cikin tawagar Saƙifawa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Malamai irin su Imamu Nawawi sun haɗa hadisan da cewa abin da aka kore shi ne aƙidar Jahiliyya, ta cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta ba da nufin Allah ba. Amma kasancewar cuɗanya sababi ce da Allah Ya sanya, wannan ba a kore shi ba, an ma yi umurni da a kiyaye shi. An kuma ruwaito cewa in atishawa ta zo wa Annabi, yakan rufe fuskarsa da hannunsa ko da tufarsa, ya sassauta muryarsa. Wannan sunna ce da ta dace a raya ta a sahun salla da cikin motar haya.

Wani kuma zai ce, an yarda da magani in ciwo ya zo, amma yaya za a soka wa lafiyayyen yaro allura? Amsa ita ce, ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi ya kwaɗaitar da cin dabino bakwai na ajwa da safe domin kariya daga guba da sihiri a wannan yini. Wannan neman tsari ne tun abu bai auku ba. Da wannan hadisi Shaihu Abdul'aziz bin Baz, wanda ya rasu a 1999, ya kafa hujja a fatawarsa ta halatta allurar riga-kafi. Addu'o'in safe da maraice da kowane Musulmi yake yi ma ai tsari ake nema da su kafin sharri ya iso. Malaman usulu kuma sun lissafa abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Sanƙarau yakan bar yaro da kurunta ko taɓin ƙwaƙwalwa, ƙyanda takan makantar, jinya kuma takan cinye jarin gida. Allura ɗaya takan kiyaye uku ko huɗu daga cikin biyar ɗin nan.

Zargi da tsoro

Adalci ne a faɗi cewa ɗari-ɗarin da wasu ke yi yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a a kan rashin samun cikakken izinin iyaye, har aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan ya wajabta wa hukuma ta riƙa bincike mai tsanani a kan duk abin da za a sa a jikin talakawanta, ta kuma riƙa faɗa musu gaskiya.

Amma Alƙur'ani ya hori muminai da su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu cikin jahilci su wayi gari suna nadama. Trovan magani ne da ake gwadawa a kan marasa lafiya, ba allurar riga-kafi ba ne. Alluran jarirai kuwa an shekara da yawa ana yin su a Makka da Madina da Alƙahira da Jakarta. A 2003 jita-jitar cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa ta sa aka dakatar da shi a Kano har tsakiyar 2004, ciwon ya bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da shi, yara suka shanye. Daga baya sarakuna, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, da malamai suka tsaya tsayin daka, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar shan inna mai yawo ta ƙare a Afirka. Yaran da aka yi wa allura a shekarun 1980 kuwa, ga su nan da 'ya'yansu cike da gida, wasu har da jikoki. Mai yaɗa saƙon wayar da bai san tushensa ba, har wani uba ya fasa kai ɗansa asibiti saboda shi, ya sani yana da kaso a cikin abin da zai biyo baya.

Cika abin da aka fara

Nan ne inda mafi yawan gidaje suke tuntuɓe. Ginin ƙasa, kome kyansa, sai ana yi masa yaɓe kafin damina. Haka kariyar jiki take, ana gina ta ne hawa-hawa, wata kuma takan zaizaye in an daɗe.

A tsarin Nijeriya, da zarar an haifi jariri akan yi masa allurar tarin fuka, wadda take kare ƙananan yara daga nau'o'insa masu tsanani. In ya kai mako 6, da mako 10, da mako 14, akan yi masa allura mai kariya biyar a haɗe: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon huhu da sanƙarau. A waɗannan ranaku ukun kuma akan yi masa ta ciwon huhu daban. In ya cika wata 9 sai ta ƙyanda da ta sanƙarau da ta shawara, a wata 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. Zuwa shida ke nan cikin shekara da wata uku. Wanda ya je sau ɗaya ya zauna, kamar wanda ya ɗora tubali sahu ɗaya ne ya ce ya yi katanga.

Kowace daga cikinsu da dalilinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 wajen 740,000 a duniya, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi yawan wannan asara. Tarin shiƙa ya fi yin kisa a cikin jarirai 'yan watanni, shi ya sa ba a jinkirta allurarsa. Ƙyanda, wadda tsoro ya sa ake sakaya sunanta a ce baƙon dauro, ƙwayarta takan zauna a iskar ɗaki har wajen awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma ta hanyar huhu ta fi kashe yara. Ba a iya tare ta a gari sai an yi wa yara wajen 95 cikin 100 allura sau biyu. Ma'anar wannan ita ce, uban da ya hana ɗansa bai tsaya ga cutar da gidansa ba, ya buɗe kafa ga jaririn maƙwabci wanda bai kai watannin allura ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shari'a kuwa ta hana cutarwa, har Annabi ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci saboda wari kawai, balle abin da zai kai wani kabari.

Wanda rana ta wuce masa kada kunya ta hana shi komawa. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ɗan tari ko 'yar mura ba su hana a yi wa yaro allura, in kuwa jikinsa ya yi zafi sosai, ma'aikacin lafiya ne zai duba ya faɗi ranar da za a dawo. Katin allura kuma a adana shi inda ake adana takardun gida da na gona.

Manya ma ba su fita ba. Mai juna biyu akan yi mata allurar sarƙe-haƙora da mashaƙo a wurin awo. Kariyar mashaƙo takan ragu da shekaru, saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allurai a lokacin ƙuruciya, shi ya sa a 2023 aka bi makarantu da unguwanni ana yi wa yara har 'yan shekara 14. Ƙwayar mura mai tsanani kuwa kullum sauya kama take yi, don haka ake sabunta allurarta kowace shekara. Haka ma ta korona, wadda ta shigo Nijeriya a Fabrairu na 2020, aka ɗage dokar ta-ɓacinta ta duniya a Mayu na 2023, amma ƙwayar ba ta ɓace ba. Tsofaffi, da masu ciwon suga ko na zuciya ko asma, ya kamata su tambayi likita abin da ya dace da su. Mai azumi kuma ya sani cewa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi.

Maniyyata aikin Hajji suna da nasu kaso na musamman. Bayan sanƙarau ya ɓarke a tsakanin alhazai a 1987, da kuma 2000 da 2001, har wasu suka koma da shi garuruwansu, hukumomin Saudiyya sun wajabta allurarsa ga duk mai zuwa, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isowa, suna kuma ba da shawarar a yi ta mura. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sayi katin shaida ba a yi masa allurar ba, ya fara ibadarsa da ha'inci, ya kuma jefa baƙin Allah cikin haɗari. Duk wanda ya ga yadda aka taƙaita Hajjin 2020 ga mutane ƙalilan mazauna Saudiyya, ya san abin da annobar numfashi take iya jawo wa al'umma.

Alhakin yana wuyan wa?

Annabi, mai tsira da aminci, ya sanar da cewa kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo: shugaba a kan jama'arsa, miji a kan iyalinsa, mace a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. Jariri ba ya iya kai kansa asibiti, ba ya iya yin gardama. A gidaje da yawa uwa tana so ta je, amma maigida bai ba da izini ba, ko bai bar kuɗin mota ba, ko ya ce kukan da yaro ya yi a daren allurar farko ya hana shi barci. Kukan dare ɗaya ina zai haɗu da makokin kwana uku? Kaka da uwar miji, waɗanda maganarsu take da nauyi a cikin gida, su ma su ji tsoron Allah a kan jikokinsu.

Malamin tsangaya da aka danƙa wa yara talatin ko hamsin suna kwana a zaure ɗaya, shi ne uba gare su, wajibinsa ne ya buɗe ƙofa in masu allura sun zo. Liman yana iya tunatarwa a ranar suna, lokacin da aka taru ana addu'a ga jariri, cewa saura mako biyar a kai shi allura. Ma'aikacin lafiya kuma amana ce a wuyansa ya kiyaye sanyin maganin, ya yi amfani da sabuwar allura ga kowane yaro, ya saki fuska ga matan da suka yi tafiya mai nisa, kada ya karɓi kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne. Hukuma kuwa ita za a fara tambaya in uwa ta zo ta tarar babu magani.

In bawa ya yi duk wannan, sa'an nan Allah Ya jarrabe shi, to, ya yi haƙuri yana mai sanin bai yi sakaci ba, ladarsa kuma tana wurin Ubangijinsa, domin allura sababi ce, Mai warkarwa Shi ne Allah. Amma wanda aka kawo wa sababi har ƙofar gida ya kore shi, ba shi da damar ya jingina sakacinsa ga ƙaddara.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya yaran Musulmi cikin lafiya da imani, Ya kiyaye ƙasa daga annoba, ta fili da ta ɓoye. Allah Shi ne Mafi sani.